Kafin Ka Sayi Takalmin Hawan Dutse, Matsa Sosonsa

Ɗan ƙanwata ya iso gidana a Jos da yammacin wata Juma'a. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Kawu, but ɗinka na fata da ke ƙarƙashin gado nake so ka ara mini. Ni da abokaina za mu Chappal Waddi bayan kaka."

Chappal Waddi shi ne tsauni mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419, a gandun dajin Gashaka Gumti na Jihar Taraba, daf da iyakar Kamaru. Mai zuwa can sai ya bi ta Serti, ya hau Mambila har Nguroje, inda kwalta za ta rabu da shi. Ƙarshen hanyar tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, da jaka a baya, a ƙetare rafi, a kwana a tanti ko a rugar da aka yi wa mutum masauki. Na ji daɗi da yaron nan ya sa wannan a ransa, domin samarinmu ba su cika sanin tsaunukan ƙasarsu ba. Amma na ce masa but kam ba zan ba shi ba. Ya ɗauka rowa ce. Na ce ya zauna a kawo shayi, maganar tana da tsawo. Abin da na gaya masa a daren shi nake son in maimaita a nan, tunda yanzu duk Asabar za ka ga ayarin matasa, maza da mata, suna hawan duwatsu a Abuja da Jos da Kufenan Zariya, kuma rabinsu ƙafarsu ce ke fara gajiya kafin numfashinsu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ga yawancin tafiyar da muke yi a ƙasar nan, kambas ɗin da aka ƙera domin gudu a daji, mai soso a tsakiya da haƙora a ƙasa, ya fi but amfani. Sai dai soson nan da ake biyan kuɗi dominsa shi ne abin da aka fi cutar mutanenmu a kansa.

Shekara shida ke nan da na ajiye but ɗin. Ranar da na yanke shawarar, daga duwatsun Shere muke saukowa, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Duk wanda ya haura hamsin ya san hawa numfashi yake ci, sauka kuwa gwiwa take ci. Kowane taku sai in ji shi tun daga dunduniya har kwankwaso, ƙafafuna kamar an ɗaura musu bulo. Wani yaro da ke cikinmu, sanye da kambas mara nauyi, ya sauka ya zauna yana jiranmu kusan rabin awa. Ƙuruciya ta taimake shi, ban musa ba. Amma da muka dawo gida na ɗora but ɗina a sikeli, na tarar ya kusa kilo ɗaya da rabi. Irin nasa bai wuce giram 600 ba. A kilomita ɗaya mutum yana yin taku 1,300 ko fiye, wato tafiyar kilomita 15 ta kusa taku 20,000. A kowane taku ina ɗaga kusan rabin kilo fiye da shi. Cibiyar binciken lafiya ta sojojin Amurka da ke Natick ta auna wannan a 1984, ta gano nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mutum kusan ninki biyar na irinsa idan a baya aka goya shi. Jikina ya riga ya gaya mini haka tun ina kan dutsen, jiki magayi.

Turawan da suka fi kowa doguwar tafiyar ƙafa a yau sun daɗe da gane wannan. Akwai hanyar tsaunukan Afalashiya a gabashin Amurka, kusan kilomita 3,500 daga Jojiya zuwa Men, ta ratsa jihohi 14. A 1955 wata tsohuwa mai suna Emma Gatewood, mai shekara 67, uwar 'ya'ya 11, ta taka ta daga farko har ƙarshe ita kaɗai cikin kwana 146. Kambas ɗin yadi ne a ƙafarta, da wata jaka da ta ɗinka da hannunta a kafaɗa. A lokacin kallon abin mamaki aka yi mata, domin an yi imani dutse sai da but. Yau idan ka dubi ƙafafun masu bin wannan hanya, mafi yawansu takalmin gudun daji ne. Soso mai kauri kuwa daga baya ya shigo. A 2009 wasu Faransawa biyu, Nicolas Mermoud da Jean-Luc Diard, suka kafa kamfanin Hoka a garin Anesi da ke gindin tsaunukan Alp. Burinsu takalmin da zai bar mutum ya gangaro daga tsauni a guje ba tare da ƙafarsa ta daku ba. Ɗaya daga cikin takalmansu, Speedgoat, laƙabin ɗan tseren nan Karl Meltzer aka ba shi, mutumin da ya gama hanyar Afalashiya a ƙasa da kwana 46 a 2016. Sauran kamfanoni duk suka bi sahu.

Na san abin da wani dattijo zai ce, domin an sha faɗa mini. Zai ce fatake sun je Gwanja sayen goro da takalmin fata mara soso, kuma har gobe Bafulatani yana bin shanu daga Sakkwato zuwa Binuwai da takalmin roba na 'yan kuɗi kaɗan. Gaskiya ne, kuma ina girmama wannan ƙafa. Amma ita wannan ƙafa tun yarinta ake gina ta, tafin ya yi kanta, jijiyoyin sun yi ƙwari, idon sawu ya saba da gargada. Fatake kuma jakuna ne ke ɗaukar musu yawancin kaya. Ɗan ƙanwata daga aji ya fito ya shiga ofis, daga ofis sai mota ko babur. Ƙafarsa ba ta san tsakuwa ba, kuma kwana uku zai ba ta ta yi aikin da ba ta taɓa yi ba, da kilo 12 a bayansa. Irin wannan ƙafa tana bukatar a sassauta mata.

To amma sassaucin yana da iyaka, kuma a nan ne na rabu da masu cewa a nemi mafi kauri. Soson da ke tsakanin tafin ƙafa da robar ƙasa, wanda yawanci da sinadarin EVA ake yinsa, aikinsa biyu ne. Yana hana kaifin dutse isa ga ƙafa, kuma yana rage raɗaɗin da tafin ƙafa ke yi bayan awa shida ko bakwai a kan ƙasa mai tauri. Waɗannan biyun na shaida su da ƙafata. Abin da ba ya yi shi ne ɗauke wa gwiwa nauyin jiki. A 2018 masu bincike a Jami'ar Jihar Oregon sun gwada mata 'yan gudu da takalmi mai soso sosai da kuma na yau da kullum, sai suka tarar bugun ƙasa ya fi ƙarfi a mai soson. Gudu suka auna, tafiya daban ce, amma dalilin bai ba ni mamaki ba. Idan ƙafa ba ta jin ƙasa, mutum yakan buga ta da ƙarfi bai sani ba, kamar mai tafiya a kan katifa yana neman inda zai tsaya.

Sannan akwai tsawo. Takalmin da sosonsa ya haura milimita 33 ya ɗaga ka daga ƙasa sosai. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanyar marmara, irin wadda ke ratsa Mambila daga ƙauye zuwa ƙauye, wannan ni'ima ce. Amma a Shere, ko a Kufena, inda za ka taka gefen dutse a karkace, ka tsallaka daga wannan zuwa wancan, kowane milimita da aka ƙara yana ƙara wa idon sawu hanyar turguɗewa. Ga jaka a baya tana rinjayarka. Na ga targaɗe biyu da idona a irin wannan hali, dukkansu masu dogon soso ne, dukkansu a wajen sauka. Ni na tsaya a tsakiya, milimita 25 zuwa 30, soso mai ɗan tauri wanda idan ka matsa shi zai dawo nan take. Idan akwai ɗan farantin roba mai ƙwari da ake sakawa a ƙarƙashin gaban ƙafa domin kare ta daga tsinin dutse, ya fi mini ƙarin kauri.

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihunmu. Sabon takalmi irin wannan a Turai ko Amurka dala 150 ne zuwa sama. Mutum nawa ne cikinmu zai fitar da wannan? Gwanjo muke zuwa, kuma babu abin kunya a ciki, ni ma can nake zuwa. Sai dai a san abu ɗaya: soso mutuwa yake yi. Cike yake da ƙananan kumfa na iska, kowane taku yana murƙushe wasu, har ya zama ba ya dawowa. Masu gudu sukan canza takalmi bayan kilomita 500 zuwa 800, masu bin hanyar Afalashiya kuwa sukan kashe ƙafa huɗu ko biyar kafin su gama. To ka tambayi kanka, me ya sa Baturen da ya sayi takalmin dala 150 ya rabu da shi alhali samansa bai yage ba? Wani don bai yi masa daidai ba ne, kuma irin wannan shi ne rabonka idan ka dace. Amma da yawa don sun ji soson ya mutu ne. Sai a ɗaure shi a dila, ya sha zafin jirgin ruwa da na sito, a wanke shi da buroshi ya yi fes, a rataye shi. Ido zai ga sabon takalmi, ƙafa kuwa za ta taka gawa.

Na taɓa faɗawa wannan rami. Na sayi wani a wata kasuwa, kyakkyawa, har na yi murna da arahar. A fita ta biyu, muna tsakiyar dutse, ƙasan warin dama ya ɓanɓaro tun daga yatsu har tsakiya, gam ɗin ya bushe tun da daɗewa. Da igiyar tanti na ɗaure shi na sauko. Shushaina ya ɗinke mini shi tsaf washegari, amma da ya matsa soson da yatsa sai ya ce, "Alhaji, ɗinki dai na yi, amma wannan katifar ta riga ta gama aiki." Shi ya koya mini abin da nake yi yanzu a gaban kowane mai gwanjo.

Da farko ina zare shimfiɗar ciki, in sa babban yatsa in danna wajen dunduniya da wajen tudun yatsu. Idan na ji tauri kamar katako, ko na ji rami ya zauna da siffar ƙafar wani, na ajiye. Sai in dubi soson ta gefe: idan ya yi tamoji masu zurfi kamar fuskar tsoho, an murƙushe shi. Sai in ajiye takalmin a kan teburi ko siminti in duba shi ta baya. Wanda ya karkata gefe ɗaya ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, kuma zai tilasta wa gwiwarka ta bi wannan karkata. Ina murɗa shi kamar mai matse wanki, idan ya naɗe ba gardama, ba zai riƙe ƙafa a kan dutse ba. Kamfanoni da yawa suna buga wata da shekarar ƙira a ƙyallen da ke ƙarƙashin harshen takalmin, ina dubawa, wanda ya wuce shekara huɗu ko biyar ba na amincewa da gam ɗinsa ko da ba a taɓa taka shi ba. Duk wannan ba ya ɗaukar minti biyar. Mai kaya na ƙwarai ba ya jin haushi, wani ma shi zai shiga ciki ya fito maka da na kirki da ya ɓoye, tunda ya ga ka san abin da kake nema.

Jabu kuma ya cika gari. Tunda takalmi mai kaurin ƙasa ya zama abin ado, ana kwaikwayon siffarsa da tambarinsa, a cika ƙasan da roba mara rai. Sabo fil da aka ce maka na babban kamfani ne a kuɗin da bai kai rubu'in na asali ba, ka san amsar da kanka. Gwanjo na asali mai sauran rai ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ko soson ya yi, idan takalmin bai zauna a ƙafa ba aikin banza ne, kuma saboda haka ban yarda a aika a sayo ba, ban kuma yarda da saye ta waya daga hoto ba. Zuwa da kai ya fi saƙo. A je bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta kumbura da zirga-zirgar yini, domin a kan hanya ma haka za ta yi. A tafi da safar da za a yi tafiyar da ita, kuma kada ta zama ta auduga zalla, domin auduga tana riƙe gumi, gumi kuma shi ke kawo bororo. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmi. Wanda bai bar wannan fili ba, a wajen sauka yatsunsa za su yi ta dukan gaba har farce ya yi baƙi ya faɗi. Dunduniya kuma ta zauna daram. Ramin igiya na ƙarshe can sama, wanda yawancin mutane ke bari fanko, domin wannan aka yi shi.

Mu da muka tashi cikin silifa da fade ƙafarmu tana da faɗi, yatsunmu a baje suke, yawancin takalman Turai kuwa masu tsukakken baki ne. Kamfanin Altra, wanda aka kafa a Jihar Yuta, ya yi suna da buɗaɗɗen baki, kuma samfurinsa Lone Peak yana cikin waɗanda masu doguwar tafiya a Amurka suka fi sawa. Sai dai shi a shimfiɗe yake, dunduniya da yatsu tsayinsu ɗaya, alhali takalmin da aka saba da shi dunduniyarsa ta ɗara gaba da milimita 8 zuwa 12. Wanda kullum cikin silifa yake ba zai ji baƙunci sosai ba. Amma ma'aikacin da ya shekara 20 cikin sau-ciki mai tudun dunduniya, idan ya faɗa wa shimfiɗaɗɗe ya hau dutse a ranar, agararsa da sha-raɓarsa za su gaya masa. Sai a bi a hankali, mako uku ko huɗu ana gajerun tafiye-tafiye.

Ƙasan takalmi ma da rai aka saye iliminsa. A 1935 abokan wani Ba'italiye, Vitale Bramani, su shida suka mutu a tsaunukan Alp, kuma an ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman da suka hau da su. Bayan shekara biyu ya fito da ƙasan roba mai haƙora, wanda ya zama Vibram, mai tambarin nan rawaya. Abin da za a duba shi ne haƙoran su kai milimita 4 ko 5, da tazara a tsakaninsu domin laka ta riƙa zubewa, robar kuma farce ya iya ɗan shiga cikinta. Falalen dutsen Filato idan ya sha ruwa ya yi gansakuka, roba mai tauri zamewa take yi a kansa kamar sabulu. Ita mai laushin kuma kwalta ce ke cinye ta, don haka takalmin dutse a bar shi wa dutse, kada a mai da shi na zuwa kasuwa da ɗaurin aure.

Takalmin da ba ya shan ruwa fa? Mai kaya zai nuna maka tambarin Gore-Tex ya ƙara kuɗi. A ƙasar ƙanƙara yana da rana. A nan, ruwan da zai jiƙa ka ta sama yake shiga, lokacin da ka tsunduma cikin rafi, kuma ƙyallen da ya hana ruwa shiga shi zai hana shi fita. Ga gumi, ga zafi, kwana biyu sai cin ruwa ya kama tsakanin yatsu. Mai raga-raga zai jiƙe nan da nan, amma ana tafiya yana bushewa. Mu kuma masu cire takalmi ne sau da yawa a yini domin alwala da salla, kuma wannan alheri ne ga ƙafa, tana shan iska, ana kakkaɓe yashi, ana ganin inda ya fara ja kafin ya zama bororo. Takalmin da ke fita cikin sauƙi ya fi dacewa da matafiyin da ke tsayawa azahar da la'asar a bakin hanya. Yayata ma irinsa na saya mata da za ta aikin Hajji, tunda mace ba a hana ta rufaffen takalmi cikin harami ba. Ta dawo tana sa mini albarka saboda zirga-zirgar Mina da wajen jifa.

Ban ce but ya mutu ba. Idan kayanka sun haura kilo 15 ko 16, ƙafa tana son ƙasa mai tauri da ba ta lanƙwasa, amma kafin nan ka zazzage jakar ka ga abin da za ka iya bari a gida. Idan hanyarka dajin ƙaya ce, ƙayar aduwa tana huda soso ta isa tafin ƙafa, ƙarangiya kuma tana manne wa raga har ka rasa yadda za ka yi da ita. Mafi girma shi ne maciji. A yankin Kaltungo da Langtang, inda kububuwa ke sarar manoma duk shekara, musamman lokacin shuka da girbi, ba zan taɓa ce wa mutum ya shiga ciyawa da idon sawu a buɗe ba. Can dogon but ne, babu ja-in-ja. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa wuyan but yana hana targaɗe. Na yi targaɗe a cikinsa. Abin da ya fi tsare ni tun daga lokacin shi ne tsayuwa a kan ƙafa ɗaya minti biyu kowace safiya, da kuma sanda. Bafulatani bai riƙe sanda don ado ba. A wajen sauka tana karɓar wani kaso na nauyin da gwiwa za ta ɗauka, a rafi kuma ita ce ke gaya maka zurfi.

Washegari Asabar muka shiga kasuwa ni da ɗan ƙanwata. Sai a rumfa ta huɗu muka dace. Takalmin ba shi da kyan launi, toka-toka ne, kuma ya fi lambar da ya saba sawa da ɗaya, har ya ɗan ɓata fuska. Amma ƙyallen ya nuna shekararsa biyu, haƙoransa ba su ci ba, soson kuma da na danna shi ya turo yatsana. Na sa ya ɗaure igiya har ramin ƙarshe, ya hau matakalar shagon da ke gefe ya sauko sau biyar, yatsunsa ba su taɓa gaba ba. Muka biya, muka biya ta wajen shushaina ya ƙara masa ɗinki a baki. Asabar uku ke nan muna hawan Shere tare, da jakarsa cike da robobin ruwa har kilo 12, saura biyu kafin su kama hanyar Serti. But ɗin kuwa na aika wa wani abokina da ke noman gyaɗa a kusa da Langtang, ya ce ya yi masa daidai.